GYARAN HOTON FUSKA: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Da wuya yau mutum ya shiga gida ya rasa hoton wani, ko a jikin bango, ko cikin akwati, ko kuwa cikin wayar hannu. Akawu yana da nasa a fayil ɗin ofis, malamin makaranta yana karɓar na almajiransa duk lokacin rajistar jarrabawa, na amarya da ango kuwa ba a magana. Amma in masu karatu sun lura, akwai wani abu da ya yawaita a hotunan zamanin nan. Sai a miƙo maka hoton wanda ka sani tun yana yaro, ka duba, ka sake dubawa, ka ga ido nasa ne, hanci nasa ne, amma fuskar ta yi sumul kamar tangaran, har ka rasa abin da ya hana ka gamsuwa. Masu gyaran hoto sun san wannan ciwo, har sun ƙago dabarun mayar wa fata kamanninta bayan an goge ta. Wannan sana'a mu ke so mu bayyana, domin wanda zai ba da kuɗinsa a gyara masa hoto ya san abin da zai nema, wanda kuma aikinsa ne karɓar hotunan jama'a ya san abin da zai ƙi.

ABIN DA IDO KE NEMA A FUSKA

Fatar ɗan Adam ba shafaffiya ba ce. In ka matsa kusa da madubi da hantsi, za ka ga tana da ƙofofin gashi, da ƙananan gashi masu laushi, da siraran layuka da suka sassarƙe, da ɗan maiƙo mai ɗaukar haske. Wannan duka shi za mu kira saƙar fata, gama kamar yadda a ke gane saƙi na hannu da zarensa, haka a ke gane fata da waɗannan.

Saƙar nan kuwa ba iri ɗaya ba ce a fuska duka. Ƙofofin gashi sun fi girma a hanci, da kumatu wajen da ke maƙwabtaka da hanci, da tsakiyar goshi. Ƙarƙashin ido fata siririya ce, layuka suka fi yawa a nan. Leɓe yana da nasa tsage-tsage a tsaye. Haɓar namiji mai aski dabam ta ke da ta yaro. Kowace ƙofar gashi ɗan rami ne, saboda haka in haske ya zo daga gefe, ɓangare ɗaya nata ya kan yi haske, ɗayan ya yi inuwa. Dubban waɗannan ƙananan haske da inuwa su ne ke gaya wa ido cewa nama da jini ya ke kallo. Mai kallo ba ya ƙirga su, amma in babu su ya kan ji a ransa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

YADDA MUTANEN DA SUKA YI

Kada a zaci gyaran hoto ya zo da kwamfuta ne. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar ɗaukar hoto a birnin Faris, kuma ba a yi shekara ashirin ba aka fara gyara. A babban baje kolin Faris na 1855, wani mai hoto daga birnin Munik, Franz Hanfstaengl, ya nuna hoton mutum iri biyu, ɗaya yadda aka ɗauka, ɗaya bayan an taɓa gilashin da a ke wanke hoton daga gare shi, watau nagatif.

Akwai dalilin da ya sa suka bukaci gyara. Maganin da a ke shafa wa gilashin hoto a lokacin shuɗin haske ya fi ji, ja da rawaya kuwa sai su fito da duhu. Don haka ɗan jan ƙurji, ko ɗige-ɗigen da rana ke fitarwa a fatar Bature, sai su fito baƙi ƙirin, fiye da yadda ido ke ganinsu. Watau tun asali aikin mai gyara shi ne ya mayar da hoto daidai da abin da ido ya gani.

Kayan aikinsa kuwa fensir ne da aka fere shi ya yi tsini kamar allura, da 'yar wuƙa mai kaifi, da tebur mai rami wanda haske ke shigowa ta bayansa. Sai ya shafa wa nagatif wani ruwa don fensir ya kama, sa'an nan ya duƙa yana cike tabo da ƙananan ɗigo da 'yan lanƙwasassun zane, ɗaya bayan ɗaya. Abin lura a nan shi ne, ba ya shafe wuri da baƙi gaba ɗaya. Ɗigon fensirin nan su da kansu su ke zama kamar ƙofofin gashi in an wanke hoton. Ashe ƙara wa fata saƙa tsohuwar dabara ce, ta girmi kakanninmu.

A Holiwud ta ƙasar Amurka sana'ar ta kai maƙura cikin shekarun 1930. George Hurrell, wanda ya yi suna wajen ɗaukar taurarin sinima, ya kan so su zo masa ba tare da sun cika fuska da hoda ba, don hasken fata na gaskiya ya fito, sauran aiki a yi shi a kan nagatif. Hoton da ya ɗauki Joan Crawford a 1931 sananne ne, domin an ajiye na kafin gyara da na bayan gyara, kuma mai gyaransa, James Sharp, sa'a shida ya yi a kan wannan fuska guda. Tsadar lokaci ita ce ta zama linzami a wancan zamani. Wanda zai yi sa'a shida a kan fuska ɗaya ba ya taɓa wurin da bai bukaci taɓawa ba.

ZUWAN KWAMFUTA DA DABARAR TANKAƊE

A 1990 kamfanin Adobe ya fitar da manhajar Photoshop, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Thomas Knoll da John Knoll, suka ƙirƙira. Abin da a da ke cin yini sai ya koma na 'yan mintoci, yau kuma wayar hannu tana yin sa kafin ƙiftawar ido, wani lokaci ma ba tare da an roƙe ta ba. Hanya mafi sauƙi ta gusar da ƙurji ita ce a dusashe wurin, watau a gauraya kowane ɗigo na hoton da maƙwabtansa. To, dusashewa ba ta san bambancin ƙurji da ƙofar gashi ba, duka ta ke haɗawa ta share. Nan ne asalin fuskar tangaran. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Gwanaye suna da hanyar kauce wa wannan, kuma duk wanda ya taɓa ganin mace tana tankaɗe zai gane ta. In an zuba niƙa a rariya, gari ya kan wuce ƙasa, tsaki ya tsaya a sama. Haka mai gyara ke raba hoto falle biyu. Falle na ƙasa ya kan dusashe shi har ƙofofin gashi su ɓace, ya rage launi da manyan haske da inuwa kaɗai. Wannan shi ne gari. Sa'an nan ya sa kwamfuta ta ɗebe wannan falle daga hoton asali, abin da ya rage kuwa shi ne tsaki: wani falle mai ruwan toka wanda ba kome a kansa sai ƙofofin gashi, da gashi, da layukan fata. In an ɗora na sama a kan na ƙasa yadda ya kamata, hoton asali ne zai dawo cif, ba ragi ba ƙari.

Amfanin rabawar shi ne, in wani wuri a kunci ya yi ja ko ya yi duhu, sai a daidaita launinsa a falle na ƙasa, saƙar fata tana nan a sama ba abin da ya same ta. In kuma ƙurji ne ya yi tudu, sai a ɗebo lafiyayyar saƙa daga kusa da shi a rufe a falle na sama, launi bai motsa ba. Amma rariya iri-iri ce. In idonta ya yi faɗi ko ya yi ƙanƙanta, rabon ba zai yi kyau ba, kuma wanda ya bi falle na ƙasa ya murje shi duka zai ɓata ƙirar fuska, ƙashin kunci da karan hanci su baje, ko da ƙofofin gashi suna nan.

Akwai kuma wata hanya da ta fi wannan tsufa, ta kuma fi ta cin lokaci, wadda manyan masu gyara suka fi amincewa da ita. Ita ce a bi fuska da ɗan ƙaramin buroshi, inda ya yi duhu fiye da kima a ɗan haskaka, inda ya yi haske a ɗan rage, kaɗan kaɗan. Ba a ɗauke kome daga fata, ba a kawo kome. Jikar aikin fensir ce.

MAYAR DA ABIN DA YA ƁACE

To, in saƙar ta riga ta tafi fa? Wannan ya kan faru ta hanyoyi da yawa. Wani lokaci hannun mai gyara ne ya yi nauyi. Wani lokaci fitila ce ta bugi goshi har wurin ya yi fari fat, ba kome a ciki. Wani lokaci an ɗauki hoton cikin duhu ne, wayar ta goge ƙurar da ƙarancin haske ke kawowa, ta haɗa da fata. Wani lokaci kuma hoton ya yi ta yawo daga waya zuwa waya, ana matse shi don ya yi sauƙin aikawa, har ƙananan abubuwa suka zube a hanya. Magani iri uku ne.

Na farko, wanda ya fi kowanne, shi ne aro daga mai fuskar. A ɗebo saƙa daga kuncinsa na dama a gyara na hagu, ko daga wani hoton da aka ɗauke shi a zama guda, da fitila guda. Abin mutum a ke mayar masa.

Na biyu shi ne ƙirƙira. Mai gyara ya kan shimfiɗa sabon falle mai ruwan toka, daidai tsakiyar baƙi da fari. In an ƙirga baƙi a matsayin 0, fari 255, to, tokar nan 128 ce. Ya kan sa kwamfuta ta haɗa fallen da hoton ta yadda tokar kanta ba ta bayyana, sai abin da ya fi ta haske ko duhu. Sa'an nan ya yayyafa ƙananan ɗigo marasa launi a kai, ya ɗan dusashe su don kada su yi kaifi kamar yashi, ya kuma ba kowane ɗigo gefen haske da gefen inuwa don ya zama kamar ɗan rami. Daga nan sai ya rufe fallen duka, ya riƙa buɗe shi a wuraren da ke bukata kaɗai, ya rage ƙarfinsa har sai wanda ya san an sa ne zai iya nunawa.

A nan ne a ke gane gwani da ɗan koyo, kuma ga abubuwan da mai karatu zai duba. Girman ɗigo ya dace da girman fuska a hoton, gama hoton da aka ɗauka daga nesa ba a ganin ƙofar gashi a cikinsa, in an sa ta ƙarya ta fito. Inuwar ɗigo ta faɗi wajen da inuwar hanci ta faɗi. Na hanci su fi na gefen kunci girma. Kada su hau ido, ko leɓe, ko gira, ko ɗankwali. Inda kyamara ba ta kama sosai ba, kamar kunne ko wuya, saƙar ma ta yi laushi. Kuma kada zane ɗaya ya riƙa maimaita kansa kamar adon atamfa, domin fata ba ta maimaita kanta. Wanda ya watsa ɗigo iri ɗaya tun daga goshi har haɓa, ya fid da mutum daga tangaran ne ya mai da shi bangon siminti.

Na uku shi ne na zamanin nan, watau a bar wa ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta. Irin wannan manhaja an nuna mata ɗimbin fuskoki, saboda haka in an ba ta hoto mai hazo sai ta zana masa ƙofofin gashi da gashin ido masu ban sha'awa. Amma a sani, ƙiyasi ta ke yi daga fuskokin wasu. A 2020 an ba wata irin wannan manhaja mai suna PULSE, wadda masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka yi, dusasshen hoton Barack Obama, sai ta fito da fuskar wani farar fata tsaf, da saƙarta da kome. Hoto ya yi kyau, mutumin kuwa ba shi ba ne.

BAƘAR FATA DA NATA SHA'ANI

Wannan misali ya kawo mu ga abin da ya fi shafar masu karatunmu. Kayan hoto ba a auna su da irin fatarmu ba tun farko. Daga shekarun 1950 kamfanin Kodak yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda a ke kira katin Shirley, da shi su ke daidaita launin injinsu. Sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da kati mai mata uku masu launin fata dabam dabam. A 2021 kuma Google ya sanar da gyaran da ya yi wa kyamarar wayarsa Pixel 6 don ta riƙa fid da duhun fata daidai.

Baƙar fata da sheƙi a ke karanta ta. Hasken da ke kwantawa a goshi, da karan hanci, da ƙashin kunci, shi ke nuna ƙirar fuska, kuma a cikin wannan sheƙi ne saƙar fata ta fi bayyana. Ɗan koyo ya kan ɗauki sheƙin duka a matsayin gumi ya kashe shi, sai fuska ta zama kamar an shafa mata toka. Abin da ya kamata shi ne a rage inda ya yi yawa, a bar saura. Wanda ya duba hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ko na Malick Sidibé, wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a Banis ta Italiya a 2007, zai ga yadda baƙar fata ke ɗaukar haske in an san ta.

Wani abin kuma da ba mu ga dalilin ɓoye shi ba, shi ne yawancin maɓallan ƙawata fuska suna haɗa gogewa da ƙara haske. Yarinyar da ta tashi tana ganin kanta a waya fara sumul, sa'an nan ta duba madubi ta ga wata, wace za ta ɗauka ita ce mai aibi? Malaman makaranta su yi tunani a kan wannan, gama su ke tare da yaran nan kullum.

ME ZA A CIRE, ME ZA A BARI

Masu sana'ar suna da wata ƙa'ida mai sauƙi. Abin da zai tafi da kansa cikin 'yan makonni, kamar ƙurji, ko cizon sauro, ko yankan reza, ko bushewar leɓe ta hunturu, ba laifi a cire shi, domin baƙo ne a fuskar. Abin da ya zauna kuwa, kamar tawadar Allah, da tsohon tabo, da tamojin tsufa, na mai fuskar ne, ba a taɓa shi sai da izninsa.

A ƙasarmu akwai ƙari a kan wannan, watau tsagar gado. Zube, da bille, da kalangu, da sauransu, suna faɗin asalin mutum. Al'adar tana ja da baya, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yaro tsaga. Saboda haka hotunan dattawan da ke da ita su ne shaidar da za ta rage wa jikoki. Manhaja ba ta san wannan ba, tabo kawai ta gani. In iyali sun kai tsohon hoton mahaifinsu a sabunta, lalle su ja kunnen mai gyara tun kafin ya fara.

INDA HUKUMA TA SA BAKI

Maganar ta wuce son rai, har hukumomi sun shiga. A watan Yuli na 2011 hukumar lura da tallace-tallace ta Ingila ta hana wasu tallan kayan shafa guda biyu, ɗaya na Lancôme mai hoton Julia Roberts, ɗaya na Maybelline mai hoton Christy Turlington, domin kamfanin bai iya nuna cewa kyan fatar da ke hoton aikin kayan shafar ne ba. Faransa tun 1 ga Oktoba 2017 ta wajabta rubuta sanarwa a kan hoton talla in an rage ko an ƙara jikin wanda ke ciki. Norwe kuwa tun 1 ga Yuli 2022 dokarta ta haɗa har da gyaran fata.

Hoton shaida ya fi wannan tsanani. Amfaninsa guda ne, a dubi takarda a dubi mutum a ce shi ne. Shi ya sa ƙa'idar hoton fasfo ba ta yarda da gyaran kamanni ba, kuma Jamus tun 1 ga Mayu 2025 ta koma karɓar hoton fasfo ta hanyar na'ura, daga ofis ko daga amintaccen mai hoto, don toshe ƙofar maguɗi. Akawun da ke karɓar hoton fayil, ko na katin aiki, ko na takardar fansho, ya tuna wata rana da wannan hoto za a tantance mai shi, watakila bayan shekara ashirin, a gaban wanda bai taɓa ganinsa ba. In an share tabo da tawadar Allah, an share abin da zai tsaya masa shaida.

SHAWARARMU

Rigakafi ya fi magani. Mai ɗaukar hoto ya nemi haske mai taushi, kamar na bakin taga ko na inuwar zaure, ya sa kyamara ta kama ido sosai, ya kashe maɓallin ƙawata fuska, ya kuma adana hoton asali kada ya yi gyara a kansa. Saƙar da aka ɗauko tun farko ba ta bukatar a ƙirƙiro ta.

Wanda ya kai hoto gyara kuwa ya nemi a nuna masa na kafin gyara da na bayansa gefe da gefe, ya faɗaɗa wajen kunci ya ga ko ƙofofin gashi suna nan, sa'an nan ya ja da baya ya dubi fuskar duka. In yana shakka, ya miƙa wa tsohuwar gidansu ko ƙaramin yaro, gama su ba su iya kara ba a irin wannan. In sun ambaci sunansa nan take, aiki ya yi. In sun tsaya suna juya hoton, ya mayar a sake, komai kyansa.

Ba mu ce kada a yi gyara ba. Kowa yana so a gan shi cikin kyakkyawan hali, kuma wanda ya sa babbar riga ranar ɗaurin aure bai yi ƙarya ba. Abin da mu ke roƙo shi ne a gyara hoto yadda mai shi zai fito kamar ranar da ya kwana lafiya ya tashi da farin ciki, da launinsa, da tsagarsa, da shekarunsa. Allah ya ba masu sana'ar haƙurin aiki, mu kuma ya ba mu idon ganewa.